Ranar da Motarmu Ta Koma da Baya a Hawan Dutse

A shekarun da zan ba ku labari, Turawan Faransa ba su riga sun tafi ba, gyaɗa kuma tana da daraja, ni kuwa matashin magidanci ne a Madarumfa, masunci ɗan masunci. A bakin tabki aka haife ni, a nan na tashi, abin da na sani a duniya shi ne taru da gora da kwalekwale, sai ɗan lambun albasa da nake taɓawa da rani, da gonar geron da mahaifina ya bari. Allah ya ba ni ƙarfin damtse, har idan taru ya cika ya gagari mutane ni ake kira, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin hakan. Gidanmu ni ne da matata, sai Inna mahaifiyata da ke zaune wurina tun rasuwar Baba. Matata ta sha wahalar ɓari a farkon aurenmu, amma a wannan shekarar cikin ya zauna har ya fara fitowa, muna ta lallaɓa shi. Ban taɓa wuce Maradi ba, Inna ma haka. Dutse kuwa, in ban da na niƙa, ban san shi ba. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma, abin da muke kira tudu ko tsohuwa da sandarta ba ya sa ta haki.

Ina da wani aboki kafinta, mutumin Maradi, Kirista ne, shi ke yi mini gyaran kwalekwale, ni kuma ba na barinsa ya koma gida ba kifi. Ya taɓa zama a Jos, can ƙasar Ingilishi, yana yi wa mutanen mishan aikin katako. Duk sanda ya zo, hannunsa na aiki bakinsa na ba mu labarin ƙasar: wai a tsakiyar bazara mutum sai ya nemi bargo, wai akwai duwatsu da aka ɗora wani kan wani kamar an jera ƙorai, wai akwai inda kogi ɗungurungum yake faɗowa daga sama. Muna yi masa dariya muna cewa ya rage gishiri. Da aka yi wata kaka mai albarka, kowa ya sayar da gyaɗarsa hankali ya kwanta, sai ya ce tunda mun ƙi yarda, mu haɗa kai mu je mu gani da idonmu. Magana ta fara kamar wasa, kafin ka ce me ta zama gaske. Masu lambu, da wani tela, da wasu ƴan kasuwa da matansu, duk suka ce da su za a je. Aka sa lokaci a ƙarshen bazara, kafin ruwanmu ya sauka, don a dawo a tarar da shuka. Da muka nemi mota mai kyau a Maradi, kuɗin da aka faɗa ya fi ƙarfinmu. Sai aka ba mu labarin wani direba a Ɗan Issa mai tsohuwar kamiyo, wato babbar mota, ta ɗaukar gyaɗa, wadda ya yi wa rumfar katako da bencina, yana kiranta kar, wato motar fasinja. Aikin gyaɗa ya ƙare, motar na zaune, shi kuma yana so ya je ya yi lodin dankalin Turawa ya dawo da shi, saboda haka ya yi mana araha irin wadda ta sa muka yi ta murna. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba zai ɗauki karen mota ba, don ba shi da abin biyansa, sai dai wani daga cikinmu ya riƙe waji, wato gungumen itacen da ake cusawa a bayan taya idan mota ta tsaya a gangare. Kowa ya juyo ya dube ni. Na karɓa ina jin kaina wani babba.

Ban yi niyyar tafiya da iyali ba. Inna ce ta ce ita ma za ta, ta ce ta gaji da jin labarin duniya a bakin mutane, kuma ba ta san ko Allah zai sake nuna mata wata bazarar ba. Matata kuwa da na ga idonta, na san ba za ta so a bar ta ita kaɗai a gida ba. Abokina ya ce ai iskar can ma magani ce ga mai ciki. Haka muka karɓi takardar wucewa, mata suka soya kifi, suka yi ƙuliƙuli da dakuwa, muka tashi da sassafe gari na ta yi mana Allah ya kiyaye. A Ɗan Issa ƴan duwan, wato ma'aikatan kwastan, suka duba kayanmu suka sallame mu. Muna ƙetare iyaka sai direba ya bar hannun dama ya koma hagu, Inna ta ɗauki salati tana cewa mutumin nan ya yi barci, sai da aka yi mata bayani cewa haka Ingilishi suke tuƙi. Ta ce lalle mun shigo ƙasar mutane. Aka yi ta dariya. Ni wurin zamana a can baya ne, bakin ƙofa, waji a tsakanin ƙafafuna, Inna da matata kuma suna can ciki kusa da kan mota inda girgiza ba ta da yawa.

Ba zan yi wa tafiyar nan ƙarya ba, ta yi daɗi. Mun ga ganuwar Katsina, mun ci kasuwa, mun wuce gonakin auduga a wajen Funtuwa. Muna ƙara yin kudu ƙasa na canzawa. Jan yashi ya ƙare, itatuwa suka ƙara tsawo da duhu, sai ga ciyawa ɗanya shar a gefen hanya alhali mun baro gida ko tsinke ɗanye babu. Aka fara ganin duwatsu baƙaƙe, manya, suna tsaye su kaɗai a tsakiyar fili, telan nan ya rantse cewa hadari ne, sai da muka matsa kusa ya yi shiru. Amma tun a wannan hanyar na fara lura da wani abu. Duk sanda direba zai tsaya, sai na ji yana taka birki yana saki, yana takawa yana saki, kafin motar ta yarda ta tsaya. In an sauka salla sai ya shige ƙarƙashinta ya daɗe. Wata rana da hantsi ya roƙi matata sabulu, muka ɗauka wanka zai yi, sai na gan shi ya dama shi a gwangwani ya ɗura a inda ake zuba man birki. Na tambaye shi, ya ce mini haka kowane direba ke yi, ni dai in kula da icena. A tashar Zariya wani dattijon direba ya zagaya motar yana dubawa, ya tambaye ni inda muka nufa. Da na ce Jos, sai ya leƙa ciki ya ga mata, sannan ya ce, “Samari, da wannan za ku hau dutse? Da ni ne, da matan nan jirgin ƙasa zan sa su.” Na gaya wa abokina, shi kuma ya je ya yi wa direbanmu magana a hankali. Direban ya fusata, ya ce hassada ce irin ta ƴan tasha, ya ce motar nan ta yi shekaru tana ɗaukar buhunan gyaɗa har sama da rumfa, mu ɗin nawa muke. Maza da dama sun ji maganar. Kowa ya dubi ɗan'uwansa, aka rasa wanda zai fara cewa yana jin tsoro, sai aka hau.

Allah ya sa muka hau dutsen lafiya, ko da yake motar ta yi ta kuka kamar za ta fashe, ni kuma na yi ta dira ina sa waji ina cirewa har na iya aikin. Da muka kai sama muka manta da komai. Abokina bai ƙara ko kaɗan a labarinsa ba, ragewa ma ya yi. Sanyi ya ratsa mu da tsakar rana, mutanen da suka baro gida suna kwana a tsakar gida saboda zafi sai ga su suna ƙudundune cikin zannuwan matansu. Duwatsu ga su nan an ɗora, babba a kan ƙarami, ka rantse ka hura zai faɗo. Gonaki ƙanana an kewaye su da ƙyarana, shanu farare a kan tudu kore, gajimare yana saukowa har ya rufe hanya ya wuce ta cikin motarmu. Inna ta miƙa hannu ta tsakanin katako tana son ta kama shi, tana dariya kamar ƙaramar yarinya. Tun rasuwar Baba ban ji ta yi irin wannan dariyar ba. Muka yi kwanaki muna yawo, muna sauka a masaukin baƙi mai araha, mata na dafa mana abinci a waje. A ranar da za ta zama ta ƙarshe, abokina ya ce saura abu ɗaya, wato kogin da ke faɗowa daga sama, kuma sai an gangara wani kwari kafin a kai gare shi. Direba ya ɗan yi gardama, ya ce hanyar ba ta da kyau, amma aka yi masa caa, ya tada mota. Ya gangara a hankali ƙwarai, da ƙaramin giya, har muka kai ƙasa.

Tun daga nesa muka fara jin rugugi kamar tsawa da ba ta ƙarewa. Ni da na tashi a cikin ruwa, na ɗauka na san shi, amma ruwan tabkinmu a kwance yake, wannan kuwa a tsaye yake, fari fat, yana dukan dutse yana tashi kamar hayaƙi. Muka tsaya baki buɗe. Inna ta matsa gefe inda ruwan ya yi sanyi ya kwanta, ta yi alwala, ta shimfiɗa mayafinta a kan dutse ta yi salla, ta daɗe tana addu'a. Matata ta zauna ta sa ƙafafunta cikin ruwa, ta ce mini ɗan cikinta yana motsi, shi ma ya ji. Muna nan hadari ya taso daga bayan dutse ba tare da mun lura ba. Ruwa ya sauko da ƙarfi, muka ruga mota muka fake, da ya ɗan tsagaita direba ya ce mu tafi kafin hanya ta ƙara lalacewa.

Hanyar fita daga kwarin nan siririya ce, jar ƙasa, an sare ta a jikin dutse. Hannu ɗaya bango ne na dutse, ɗaya hannun kuma kwazazzabo ne mai zurfin da idan ka leƙa sai ka ga kan itatuwa a can ƙasa kamar ganyen rama. Ruwan sama ya mai da jar ƙasar kamar man shanu. Motar ta fara hawa tana gurnani, tayoyin baya suna juyawa suna watsa mini laka. Muka sha wata kwana, hawan ya ƙara miƙewa, na ji direba yana neman canza giya, ƙarfe ya yi ƙara, ya sake gwadawa, sai injin ya yi tari ya mutu. Har yau ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Sai ɗigar ruwa a kan rumfa, sai ƙafar direba tana dukan birki, fam, fam, fam, ba abin da ya kama. Sannan na ga hanyar da ke ƙarƙashina ta fara tafiya. Direba ya ƙwala ihu, “Waji! Waji!” Na dira da icen, santsi ya kwashe ni na faɗi, na tashi na cusa shi a bayan taya kamar yadda na saba. Da ƙasa busasshiya ce da an gama. Amma tayar ta tura shi gaba, yana zamewa a cikin laka, motar na biye da shi, tana ƙara sauri. Na waiwaya na ga kwanar da muka sha. Hanya ta karkata a nan, motar kuwa ba za ta karkata ba, abin da ke bayanta kai tsaye sarari ne kawai.

Mazan da ke kusa da ƙofa suka fara dira, wasu kan wasu. Ban zarge su ba, ko a lokacin ko yanzu. Amma matan suna can ciki, bencina da ƙullin kaya sun tare su, katakon rumfa kuma ya kewaye su kamar keji. Ta tsakanin katakon na hango fuskar matata, ba ta kuka, ba ta ihu, idonta kawai ta zuba mini. Ban san na yi tunani ba. Na bi icen da rarrafe, na kama shi da hannu biyu, na danna shi ƙasa da dukan ƙarfin da Allah ya ba ni, motar tana ja na a kan gwiwa cikin laka. Akwai wani kan dutse da ya fito a tsakiyar hanya, ruwa ya wanke ƙasar da ta rufe shi. Wajin ya je ya dake shi ya tsaya cak. Tayar ta hau kansa, ta yi kamar za ta ƙetare, motar duka ta yi ƙara ta girgiza, sannan ta koma ta zauna. Ta tsaya. Sai da na yi niyyar tashi na ga ba zan iya ba. Hannuna na dama yana tsakanin wajin da dutsen, nauyin motar da duk wanda ke cikinta yana kansa. Da na juya kaina, na ga ɗaya tayar ta baya ba ta fi taki guda ba da bakin kwazazzabo, ƙasar wurin kuma tana ɓantarewa kaɗan-kaɗan tana zubawa ƙasa.

Da farko ban ji zafi ba, sanyi na ji ya hau mini har kafaɗa. Abokina ya iso ya durƙusa, ya duba, na ga fuskarsa ta canza. Wani ya ce a ɗaga icen a zare ni, abokina ya daka masa tsawa ya ce duk wanda ya taɓa icen nan ya kashe mutanen da ke ciki. Ni ma na san haka. Sai aka fara fitar da mata, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kowace ta rarrafo ta kan benci a riƙo hannunta. Duk wadda ta motsa sai motar ta yi ƙara, sai in ji wajin ya ƙara cizo, sai in ji ƙashi yana ba da wani sauti a cikin hannuna. A nan zafin ya zo. Ina kwance rub da ciki, kumatuna a cikin laka, ƙarfen motar a saman kaina yana ɗigo mini baƙin mai, ina kallon tayar nan da ke bakin rami, ina kalmar shahada ina katsewa ina sakewa. Abin da ke raina shi ne idan dutsen nan ya tumɓuke, ni zan fara tafiya, sannan su. Na ji an sauko da matata, na ji muryarta tana kirana, na ce a riƙe ta a kai ta jikin bango kada a bar ta ta matso. Inna ce ta ƙarshe saboda gwiwoyinta. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ba ta bi sauran mata ba. Ta sunkuya ta shigo ƙarƙashin motar, ta zauna a cikin laka, ta ɗaga kaina ta ɗora a cinyarta. Abokina ya roƙe ta, ya ce, “Inna, don girman Allah ki fito, motar nan ba ta zauna ba.” Ta ce, “Na gani, ɗana. Ku yi aikinku. Ba inda za ni.” Ta sa hannu ta rufe mini ido don in daina kallon ramin, tana karanta abin da ta iya a kunnena.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Maza suka bazu suna ɗauko duwatsu suna cusawa a bayan sauran tayoyin. Wasu mutanen dutse, maza da mata, suna dawowa daga kasuwa, suka tarar da mu. Ba mu jin harshensu, Hausarsu kuma kaɗan ce, amma suka sauke kayansu ba wanda ya roƙe su. Suka kwance igiyoyinsu aka haɗa da namu, aka ɗaure gaban motar a wata itaciya da ta fito daga jikin dutse, suka saro wani dogon ice mai ƙarfi. Duk wannan abin da ake yi direba yana cikin mota bai fito ba. Ya karya kan motar zuwa bango, ya sa ta a giya, ya ja birkin hannu ya riƙe da hannu biyu don ba ya tsayawa da kansa. Ƙofarsa a buɗe take, da ya so da tuni ya dira. Daga baya aka ce mini sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga jikin ƙarfen, yana kuka kamar yaro. Da aka gama tokare motar, aka zura dogon icen a ƙarƙashinta, mutane suka rataya a kansa gaba ɗaya, ta ɗaga kaɗan, abokina ya kama ni ta ƙugu ya fizgo. Na ga abin da ya fito a madadin hannuna, daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Wata motar masu haƙar kuza ce ta kai ni asibitin mishan. Na farka a ɗaki mai warin magani, a ƙasar da ba tawa ba, wani Bature yana magana a kaina da harshen da ban taɓa ji ba. Wani sabon tsoro ya kama ni, don a garinmu ana cewa in ka shiga hannun likitan Turawa da rauni, yankewa kawai suke yi. Na yi ta roƙon abokina kada ya bari. Shi ya tsaya yana fassara, ya gaya wa likitan cewa mutumin nan masunci ne, da hannun nan yake ci da iyalinsa. Likitan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, na shaida. Ya bar mini tafin hannu da babban yatsa, sauran kuwa ya ce sun riga sun mutu tun a kan hanya. A ɗakin mata kuma matata na kwance, jini ya ɓalle mata saboda firgita, Inna na kai da kawowa tsakaninmu da gwiwoyinta masu ciwo, in ta zo wurina ta ce matarka lafiya lau, in ta je wurinta ta ce mijinki har ya ci tuwo, alhali ba ɗayanmu da ke lafiya. Allah cikin ikonsa ya tsayar da jinin. Sauran ƴan tafiya suka koma gida, abokina ya zauna da mu har aka sallame mu. A jirgin ƙasa muka zo Kano, daga nan dole muka shiga mota. Hanyar shimfiɗe take har gida, amma duk sanda direba ya taɓa giya sai gumi ya karyo mini, in ji ina neman ƙofa.

Mun tarar ruwa ya sauka, maƙwabta sun yi gayya sun shuka mini gonata. Na yi ƙoƙarin komawa tabki, amma taru ba ya jawuwa da hannu ɗaya, ranar da na ga kifi yana zubewa ina kallo na kasa riƙe igiya, na fito na zauna a bakin ruwa na yi kukan da ban yi ba a ƙarƙashin mota. Na sayar da kwalekwalen. Abokina, wanda ya daɗe yana ganin shi ya jawo mini, ya sassaƙa mini ƙotar fartanya mai madauri na fata da nake zura hannuna a ciki, da ita na koma lambu, da ita na ci da iyalina har girma ya zo. Matata ta haifi ɗiya mace lafiyayya a cikin kaka. Direban ya zo ranar suna, ya tsaya a ƙofar gida ya kasa shigowa. Zuciyata ta yi nauyi a kansa, don ya san abin da ke jikin motarsa ya ɗauke mu. Amma na tuna ƙofarsa da ke buɗe, na fita na shigo da shi. Bai ƙara tuƙi ba, ya koma sayar da hatsi a Ɗan Issa. Inna kuwa ta rayu shekaru bayan haka, kuma har ta koma ga Allah, in mata suka taru tana ba su labarin ƙasar da gajimare ke shiga mota. Ban taɓa jin ta ambaci hawan nan ba ko sau ɗaya.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne yanzu ina ganin yara suna haɗa kai suna ɗaukar mota su tafi ganin ƙasashe, kuma ba na hana su. Ƙasar Allah tana da kyau, wanda ya samu hali ya je ya gani. Na kuma yarda abin da ya same ni rubutacce ne. Amma mu ba a rufe muka shiga ba. Mun ji ƙarar birkin nan, mun ga ruwan sabulu, an kuma gaya mana a fili da Hausa. Abin da ya hau da mu dutsen nan arahar da muka samu ce muka ƙi saki, da kuma kunyar junanmu, kowa yana jiran wani ya fara magana don kada a ce shi ne matsoraci. Idan an yi muku araha, ku tambayi abin da aka cire kafin ta zama araha. Idan za ku ɗauki iyayenku da matanku, ku duba motar kamar yadda za ku duba gidan da za ku ba ɗiyarku aure. Kuma idan kana cikin mota zuciyarka ta ƙi yarda da wata ƙara, kada ka dubi fuskar kowa. Ka buɗe baki ka ce a tsaya, ka sauko da naka, ko da a tsakiyar daji ne. Za a yi maka dariya, za a ba da labarinka a tasha, amma dariyar mutane ba ta wuce kwana kaɗan. Ni na ji kunyar minti ɗaya a tashar Zariya, ga shi na tsufa ina cin tuwo da hagu.